Regiletar nutso: fistin ko tantani, kuma ta wane kamfani?

Tukunyar iskar da mai nutso yake goyawa a baya tana ɗauke da matsin bar 200 zuwa 232, wasu ma har 300 (bar ma'aunin matsi ne). Huhu kuwa ba ya iya jawo iska sai in matsinta ya yi daidai da na ruwan da ke danne ƙirji: bar 1 a saman ruwa, bar 2 a zurfin mita 10, bar 4 a mita 30. Regileta ce ke tsakanin waɗannan biyun. Tun da Émile Gagnan da Jacques-Yves Cousteau suka haɗa tasu a Faransa a 1943, mai tiyo biyu da ke zagayowa ta kafaɗu, har zuwa mai tiyo ɗaya da Ted Eldred ya ƙera a Ostiraliya a farkon shekarun 1950, manufar ba ta sauya ba. A yau kusan kowace regileta tana rage matsin ne sau biyu. Matakin farko, wanda ake ɗaurawa a bakin tukunya, yana sauko da shi zuwa bar 9 ko 10 sama da matsin ruwan wurin. Wannan shi ne matsin tsakiya. Mataki na biyu, wanda ke cikin baki, yana ƙarasa sauko da shi zuwa matsin ruwan, kuma ba ya sakin iska sai an ja numfashi.

Masu saye sukan fara da tambayar wadda ta fi sauƙin numfashi. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙa'idar Turai ta EN 250, wadda manyan kamfanoni suke bi, tana gwada regileta a kan injin numfashi a zurfin mita 50, ana jan lita 62.5 a minti ɗaya, wato numfashi 25 na lita 2.5 kowanne. A bugun 2014 aikin numfashin bai kamata ya wuce jul 2.5 a kowace lita ba (jul ma'aunin ƙarfin aiki ne). A mita 50 matsin bar 6 ne, don haka iskar da ke ratsa regileta a gwajin ta kai lita 375 a minti in an auna ta da ma'aunin saman ruwa. Mai nutso da ke tafiya a natse a mita 20, yana shan lita 15 zuwa 20 a minti, da wannan ma'auni lita 45 zuwa 60 kawai yake nema daga gare ta. Duk wadda ta ci wannan gwaji tana da rarar ƙarfi mai yawa. Abin da ke raba su da gaske shi ne yadda kowane gini yake yi da sanyi, da laka, da gishiri, da shekaru, da kuma hannun mai gyara.

Matakin farko mai fistin

Mafi sauƙin gini shi ne fistin marar daidaito, irin Scubapro MK2, Aqualung Calypso da Cressi AC2. Abu ɗaya ne tak ke motsi a ciki. Sifirin yana tura fistin ya buɗe ƙofar iska, iska ta shigo ta bi ta cikin sandar fistin ta taru a bayan kansa, in ta kai matsin tsakiya sai ta rinjayi sifirin ta mayar da fistin ya toshe ƙofar. Matsalarsa ɗaya: iskar tukunya tana tura mazaunin, wato abin da ke bakin sandar fistin yana toshe ƙofar, kai tsaye, tana taya sifirin buɗewa. Da tukunya ta fara ƙarewa taimakon yana raguwa, matsin tsakiya ya sauka, numfashi ya ɗan yi nauyi a ƙasa da bar 50. Kuma dole a ƙanƙanta ƙofar don kada wannan bambanci ya yi yawa, abin da ke rage yawan iskar da za ta iya wucewa a zurfi. Duk da haka makarantun nutso a ko'ina suna cika akwatunansu da irin wannan, kuma suna da gaskiya: yana jure wulaƙanci, gyaransa ba ya cin lokaci, kuma a ruwa mai ɗumi da bai wuce mita 30 ba babu abin da zai gaza yi.

A fistin mai daidaito, irin Scubapro MK25 da dukkan na Atomic Aquatics, an juya lissafin. Sandar fistin bututu ce mai kaifin baki da ke zama a kan mazaunin da ba ya motsi. Iskar tukunya tana kewaye sandar ta gefe, ba ta tura ta gaba ko baya, don haka ko tukunya cike take ko saura kaɗan, matsin tsakiya yana nan inda yake. Tunda haka ne ana iya faɗaɗa bututun sosai, shi ya sa wannan gini yake kan gaba wajen yawan iska. Amma akwai zoben roba guda ɗaya a jikin sandar da ke riƙe matsin tukunya gaba ɗaya alhali sandar tana zirga-zirga a cikinsa da kowane numfashi. In giris ɗinsa ya bushe ko gishiri ya karce sandar, a nan yoyo yake farawa.

Abin da duk masu fistin suka haɗu a kai shi ne ruwa yana shiga ɗakin sifirin ta ramukan da ke jikin ƙarfen. Da gangan aka yi, domin ta haka ne regileta take sanin zurfin da take. Sai dai ruwan ba ya zuwa shi kaɗai. Yana kawo yashi, laka da gishiri su kwanta a kan bangon da zoben kan fistin yake gogawa. Atomic suna magance wannan da cika ɗakin da giris na musamman, wanda ke ƙara tsadar kowane sabis. Tsofaffin regiletocin Sherwood, irin Brut da Blizzard, sun bi wata hanya: suna sakin 'yar iska kaɗan cikin ɗakin ba fasawa, ta fita ta wani ƙaramin bawul, ruwa bai samu shiga ba. Abokin nutso da bai san ginin ba yakan ga siririn kumfa yana tashi ya ɗauka yoyo ne, alhali in kumfan ya tsaya ne ya kamata a damu.

Matakin farko mai tantani

A nan wani kakkauran tantanin roba ne ya raba ciki da waje. Ruwa da babban sifirin suna danna shi daga waje, shi kuma ya tura wani siririn tsinke da ke ɗaga mazauni daga ƙofar iska. In matsin tsakiya ya cika, tantanin ya koma baya, ƙaramin sifirin na ciki ya rufe ƙofar. Duk sassan da ke gogayya suna bayan tantanin inda ruwa ba ya kaiwa. Sassan sun fi na fistin yawa kuma sun fi ƙanƙanta, ƙofar iskar ma ba ta kai ta fistin mai daidaito faɗi ba, amma kusan duk na zamani masu daidaito ne, kuma saita matsin tsakiyarsu murɗa noti ɗaya ne daga waje, ba sai an warware ana ƙara siraran zobba a ƙarƙashin sifirin kamar yadda ake yi wa yawancin masu fistin ba.

Babbar falalar wannan gini ita ce sauƙin rufe shi gaba ɗaya. Ana ƙara tantani na biyu a waje, da wani ɗan sanda da ke isar da matsin ruwa zuwa na ciki, sai ɗakin sifirin ya zauna a bushe. Apeks DS4 da DST, Scubapro MK17 da MK19, da Aqualung Legend duk haka suke. Da yake tantanin waje ya ɗan fi na ciki faɗi a wasunsu, matsin tsakiya yana ƙaruwa fiye da ƙaruwar zurfi da ɗan kaɗan. Kamfanoni suna tallata wannan a matsayin taimako ga iskar da ta yi kauri a zurfi. Amfanin ba shi da yawa, kuma yana da sharaɗi: sai an haɗa shi da mataki na biyu mai daidaito, in ba haka ba ƙarin matsin zai sa na bakin ya fara tsiyaya a ƙasa.

Sanyi, inda gini yake nuna kansa

Iska in ta faɗo daga bar 200 zuwa bar 10 tana yin sanyi ƙwarai, har ƙasa da sifiri da nisa. Ƙarfen regileta yana ɗaukar wannan sanyi, ruwan da ke kewaye kuma shi ne ke ɗumama shi. A ruwa mai digiri 25 ba wanda zai lura. A tafki mai digiri 4 ɗumin bai isa ba, sai ƙanƙara ta fara kamawa a ɗakin sifirin. Da ta cika tsakanin zagayen sifirin, fistin ko tantani ya kasa komawa ya rufe, matsin tsakiya ya haura, mataki na biyu ya buɗe da kansa, iska ta ɓalle. Ɓallewar kuma tana ƙara sanyin, sanyin ya ƙara ƙanƙarar, don haka ba ta tsayawa sai an rufe tukunya. Cikakkiyar tukunya mai lita 12 tana iya ƙarewa cikin 'yan mintuna. Ruwan daɗi ya fi haɗari a nan, domin yana daskarewa a digiri 0, na teku kuwa sai kusan digiri 2 ƙasa da sifiri.

Mataki na biyu ma yana daskarewa, amma da danshin numfashin mai nutson kansa, wanda ke zama ƙanƙara a kan mazauni da libar da ke janye shi. Shi ya sa na ruwan sanyi suke da bututun ƙarfe a ciki da haƙarƙarin ƙarfe a mahaɗar tiyo, don su jawo ɗumi daga ruwa. Mares Abyss, wanda jikinsa gaba ɗaya ƙarfe ne, ya yi suna a nan, kuma ƙarfen yana tara raɓar numfashi ya rage bushewar maƙogwaro.

EN 250 ta ja layi a digiri 10. Regiletar da aka buga wa alamar ">10°C" ba a amince da ita a ƙasa da haka ba. Ta ruwan sanyi ana gwada ta a digiri 4. Harafin A a ƙarshen EN250A yana nufin an gwada matakin farkon yana ciyar da mutum biyu a lokaci guda a mita 30, wato lokacin da aka miƙa wa abokin da iskarsa ta ƙare mataki na biyu na ko-ta-kwana. MK25 EVO, duk da ruwa yana shiga cikinsa, ya ci gwajin sanyi saboda rufin da aka yi wa sassansa da manyan ramukan da ke barin ruwa ya ratsa. Duk da haka, ga mai shiga tafkuna masu sanyi da laka, rufaffen tantani shi ne zaɓin da ya fi kwanciyar hankali. Kuma gini ba ya maye gurbin ɗabi'a: kada a ja numfashi daga regileta a iskar waje mai tsananin sanyi kafin a tsoma ta, kada a hura rigar iska, wato rigar da mai nutso ke hurawa daga tukunya don ya yi shawagi, a daidai lokacin jan numfashi, kuma a ruwan da ya kusa daskarewa a shiga da matakin farko guda biyu masu zaman kansu, kowanne da bawul ɗinsa.

Abin da ke cikin baki

Yawancin abin da mutum yake ji a matsayin daɗin numfashi daga mataki na biyu yake fitowa. Jan numfashi yana rage matsin cikin kwanon, siririn tantani ya lotsa ciki ya danna liba, liba ta janye mazauni daga ƙofa. A marar daidaito, irin Scubapro R195, sifirin mai tauri ne kaɗai ke riƙe bar 10 ɗin nan. A mai daidaito, irin G260, S600 ko Apeks XTX50, an huda mazaunin ta tsakiya, iska ta ratsa zuwa wani ɗan ɗaki a baya ta taya rufewa, sai a wadatu da sifirin mai laushi. Sakamakon biyu ne: buɗewa cikin sauƙi, da rashin damuwa da ɗan hawa ko saukar matsin tsakiya. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya haɗa matakin farko mai araha da mataki na biyu mai daidaito a kan akasin haka.

Ƙarfin jan da ake buƙata kafin ƙofa ta buɗe ana saita shi tsakanin inci 1 da 1.5 na ruwa. Ana iya gwada shi a gida: a buɗe tukunya, a riƙe mataki na biyu robar bakin tana kallon sama, a nutsa fuskarsa cikin ruwa a hankali. Ya kamata a ji ya fara huci in tantanin ya shiga santimita 2.5 zuwa 4. In sai ya nutse sosai kafin ya amsa, ya yi tauri. In aka sassauta shi fiye da kima kuma, zai riƙa tsiyaya duk lokacin da mai nutso ya kifa fuska ƙasa, saboda tantanin ya fi bawul ɗin fitar da numfashi zurfi. 'Yar libar da ke gefe kuwa tana sarrafa alkiblar iskar ne a cikin kwanon: in an buɗe ta, gudun iskar yana ci gaba da jan tantanin da kansa, numfashi ya yi sauƙi, in an rufe, regileta ba za ta ɓalle ba sa'ad da ta faɗi daga baki a saman ruwa. Atomic sun sa zurfi ya riƙa juya wannan da kansa, Mares kuma sun kauce masa da wani bututun gefe da ke kai iska bakin kai tsaye tana juyawa.

Kusan duk waɗannan bawul ɗinsu yana buɗewa ne ta ɓangaren da iska ke tafiya, don haka in matakin farko ya lalace, iska za ta yi yawa ne, ba yankewa za ta yi ba. Poseidon na Suwidin sun fita daban da Jetstream da Xstream: wani ɗan ƙaramin bawul ne ke buɗe babban, numfashi yana fita ta gefe, kuma babu sama babu ƙasa, ana iya miƙa shi ta kowace fuska. Suna aiki da matsin tsakiya na kusan bar 8.5, kuma da yake ƙarin matsi ƙara rufe su yake yi, dole a samu bawul ɗin sakin matsi a tiyo ko a jikin matakin farko. Haɗa irin wannan da matakin farkon wani kamfani ba tare da sanin haka ba yana iya fasa tiyo. Suna da kyau a zurfi da sanyi, sai dai iskar tana zuwa da ƙarfi irin wanda wasu ba sa so, kuma masu gyaransu ba su da yawa.

Mahaɗar tukunya iri biyu ce, yok da DIN, kuma ba ta buƙatar dogon zance. Yok yana rungumar bawul daga waje, zoben robar yana jikin tukunya a fili, iyakarsa bar 232. DIN murɗa shi ake yi cikin bawul, zoben yana killace a ciki, ba ya fita ko an buge shi. Na bar 232 haƙoran murɗawa 5 gare shi, na bar 300 kuma 7, don kada a ɗaura ƙarami a babbar tukunya. Mai DIN yana iya sa adafta ya hau tukunyar yok, kodayake hakan yana turo regileta kusa da ƙeya. In ba dole ba, DIN ya fi.

Sunayen kamfanoni

Scubapro, wanda Dick Bonin da Gustav Dalla Valle suka kafa a Amurka a 1963, ƙarfinsa a fistin yake da kuma yawan wakilai a duniya. Da wuya a je wurin nutso a rasa wanda ya iya buɗe MK25. Apeks na Blackburn a Ingila tantani suka riƙe, kuma masu nutson kogo da na zurfi sun rungume su saboda dalilin da ba a cika tallatawa ba: yawancin matakan farkonsu cikinsu ɗaya ne, kayan sabis iri ɗaya suke ci. DS4 marar ado da FSR mai tsada kusan numfashi ɗaya suke bayarwa. Bambancin a tsarin ramukan tiyo ne. Aqualung suna da wani ɗan bawul da ke rufe mashigar iska da zarar an cire regileta daga tukunya, maganin masu manta murfi. Atomic, wanda tsofaffin injiniyoyin Scubapro biyu, Dean Garraffa da Doug Toth, suka kafa a 1995, sun sa ƙofar mataki na biyu ta ja baya daga mazauni in babu matsi, don kada ta yi masa zane yana ajiye. Wannan ne ya ba su damar cewa sabis sai bayan shekara 2 ko nutso 300, a samfurinsu na T3 ma shekara 3. Amma wannan dabara tana da bayanta: in aka jiƙa regiletar babu matsi, ruwa yana iya bin tiyo ya gangara matakin farko, sai a kula kada na bakin ya fi shi tsawo a cikin ruwan wanki.

Taitaniyam, ƙarfen da ake ƙera wasu regiletoci da shi, ba ya tsatsa kuma ba shi da nauyi, ya dace da mai yawan hawa jirgi. Bai fi tagulla mai rufin kurom numfashi ba ko kaɗan, kuma ba a haɗa shi da iskar da oksijin ɗinta ya wuce kashi 40 cikin ɗari, domin yana iya kamawa da wuta a babban matsi. Ko ta tagulla ce, in za a wuce kashi 40 sai an wanke ta wankin oksijin an sa mata giris da zobban da suka dace.

Lalacewa, da yadda ake gane ta

Gejin matsin tsakiya da ake maƙalawa a tiyon rigar iska ya fi kowane talla faɗin gaskiya. A buɗe tukunya: allura ta tashi ta tsaya cak a bar 9 zuwa 10. A danna maɓallin gaba: ta ɗan faɗi ta dawo nan take. In aka bar ta tana ta rarrafawa sama, mazaunin matakin farko ya ci ko datti ya hau shi, kuma bayan ɗan lokaci na bakin zai fara huci. Mutane da yawa sukan ɗaure mataki na biyu don su kashe hucin, alhali ciwon yana can sama. Gwaji na biyu, tukunya a rufe kuma an zubar da iskar tiyo, a ja numfashi a hankali: bai kamata a samu komai ba. In iska ta shigo, akwai yagewa a tantani, ko a bawul ɗin fitar da numfashi, ko a robar baki, kuma ta nan ruwa zai biyo.

Filtar da ke mashigar iska ma tana ba da labari. Kore alamar ruwan gishiri ne ya shiga, jan tsatsa daga tukunyar ƙarfe ne, farin gari daga ta alminiyam, baƙi kuma daga injin cika iska. Yawancin ruwan da ke shiga matakin farko a wurin wanki yake shiga, ta murfin da ba a ɗaure ba ko ta danna maɓallin gaba alhali babu matsi. Tiyo masu saƙa a waje suna da laushi da sauƙi, amma DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ta ba da rahoton wasu da robar cikinsu ta farfashe ta zama tsaki a wurare masu zafi, ta toshe hanyar iska alhali wajen yana nan lafiya. A riƙa matsa su daga kai zuwa kai ana neman wurin da ya yi tauri ko ya yi lagwai.

Yawancin kamfanoni suna neman sabis duk shekara 1 ko 2, ko bayan nutso 100, kuma manyansu ba sa sayar da kayan sabis sai ga wakilansu. Ƙananan kamfanoni irin Deep 6 da HOG sun samu kasuwa ne da buɗe wannan ƙofa ga mai kaya da ya koyi gyara. Don haka kafin a biya kuɗi, a tambayi mai gyaran da za a riƙa kai wa wane kamfani yake da takardar izini da kayan aikinsa. Ga mai sayen ta hannu kuwa, a fara bincika ko har yanzu ana yin kayan sabis na wannan samfurin, a haɗa kuɗin cikakken sabis da sababbin tiyo a cikin lissafi, kuma a yi nutson farko bayan kowane gyara a ruwa marar zurfi, domin sabon mazauni yana ɗan zama bayan amfani na farko, saitin ya motsa.